Gadon Sama a Motar Mika'ilu

Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta rufe motar, lokacin da Mika'ilu kafinta ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya share gumi da gefen riga. Tun ranar da aka rushe musu gida a unguwar Nakkasa ta Makka bai yi murmushi irin wannan ba.

Motar ƙarama ce, ta kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa kan takardun zama, irin wadda Larabawa ke fita shan iska bayan gari da ita: shimfiɗa ɗaya a baya, ɗan murhun gas, da taga. Aro aka ba shi kafin ya sami ɗaki. Ya kafa ta a wani fili mai katanga a unguwar Utaibiyya, ya jawo wuta daga maƙwabta saboda fanka. Shi da matarsa Adama da ƙananan yara biyu suke matsuwa a shimfiɗar. Babbar 'yarsu Amatullahi kuwa ta zama budurwa, sai dai ta kwana a zaune a kujerar gaba, ta tashi wuya a karkace. Murja, yayar Adama, kullum sai ta bugo waya daga Jidda a kai mata yarinyar. Mika'ilu ya san halin Murja sarai, in yaro ya shiga gidanta ya zama nata. Ya rantse 'yarsa ba za ta bar gabansa ba don rashin wurin kwana.

Shi ya sa ya koma Nakkasa, ya tono ƙyauren tsohuwar ƙofarsu daga cikin ɓaraguzai, ya yanke shi daidai faɗin mota, ya kafa shi can sama kusa da rufi, ya sa labule. Ga gado ya samu.

Ana cikin kiran magariba ya zuge ƙofar motar, ya buɗe hannuwa cikin raha, ya ɗaga murya yana tayi irin na Larabawa.

"Yalla! Wanda ba shi da wurin kwana, tafaddal!"

Amatullahi ta yi dariya ta haye. Shi kuma ya ɗauki buta. Bai gama wanke hannu ba dutse ya faɗo kan rufin motar, ƙwam. Can na biyu ya faɗo.

Ya ce yaran unguwa ne, marasa tarbiyya. Ya haye katanga ya leƙa lungu, babu ko mage. Washegari da magariba haka, jibi ma haka. Ya yi faɗa da maƙwabta har sai da ya ji kunya. Adama ce ta tsinci ɗaya daga cikin duwatsun, ta juya shi a tafinta, ta miƙa masa. Guntun bango ne, da shuɗin fenti a gefe ɗaya. Shi da hannunsa ya shafa wannan fentin a ɗakinsu na Nakkasa.

Sai yarinyar ta fara faɗowa daga gadon. Ya ce juyin barci ne, ya kafa katakon kariya a gefe. Da safe ya tarar da katakon a ƙasa, ƙusoshin a kwance, ba ko ɗaya da ta lanƙwashe. Ya mayar. Aka sake cirewa. Kai, mutumin nan ya sha takaici! Shekara da shekaru yana haɗa wa mutane gado da kabad babu wanda ya taɓa dawo masa da aiki, sai gadon 'yarsa ne zai gagare shi.

"Maigida, yarinyar nan ta ce ana yi mata magana a can sama," in ji Adama, murya ƙasa-ƙasa.

"Ana ce mata me?"

"Matsa. Ana ce mata ta matsa."

"Fanka ce," ya ce, amma bai dube ta ba.

Wata magariba suna zaune a tabarma gefen mota, abinci a gabansu, Amatullahi ta ajiye cokali. Ta miƙe a hankali, ta shiga, ta haye gadon, ta ja labule. Daga bayan labulen aka fara jijjiga yaro, ana rarrashi da muryar tsohuwa, murya mai kaushi wadda ba ta taɓa fitowa daga bakin 'yarsu ba. Adama ta rungume ƙananan tana salati. Mika'ilu ya tsaya da tuwo a hannu.

Malam Abdulƙadir ya iso daga Tandabawi kafin isha'i. Dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba, wanda Hausawan Makka ke kira idan abu ya wuce na asibiti. Ya zauna a bakin motar, ya sa aka yaye labulen, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Iska ta tsaya, fankar ma kamar ta rage gudu. Can yarinyar ta sandare, idanunta suka juye.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me ya sa kika shiga jikin baiwar Allah?"

"Ni ba ɓarauniya ba ce. Kirana aka yi."

"Wa ya kira ki?"

Hannun Amatullahi ya ɗago ya nuna ubanta.

"Shi. Ya buɗe ƙofa da magariba, ya ce wanda ba shi da wurin kwana, tafaddal. Ni ba ni da shi, na shigo."

Malam ya waiwayo ya dubi Mika'ilu.

"Haka ka ce?"

"Wasa nake yi da yarinya, Malam, wallahi wasa."

"Da irin tayin gida ka yi, ai bismilla za ka ce, da ba ta ƙetare bakin ƙofar ba. Ka yi tayi a buɗe, ba sunan Allah, kuma a lokacin fitar aljanu."

Mika'ilu ya dafe kai. Bakinsa ya saba da tafaddal a gidajen Larabawan da yake wa aiki, har ya manta yadda uwarsa ke yi wa baƙo tayi.

Muryar ta ci gaba, yanzu a sanyaye. Ta ce a bayan wannan ƙyauren take zaune da 'ya'yanta tun kafin su Mika'ilu su kama hayar gidan. Ba ta taɓa musu ko gishiri ba. Aka zo da katafila aka rushe, ta zauna cikin ɓaraguzai gindin ƙyauren, sai ga shi ya zo ya ɗauke.

"A raba gadon," ta ce. "Ta kwanta ta bakin, mu ta bango. Ba za mu ƙara ture ta ba."

"Babu zama tare," in ji Malam. "Za ki fita."

"To a mayar min da ƙofata inda take."

Nan Mika'ilu ya kasa daurewa, ya miƙe tsaye.

"Ina inda take? An rushe! In na cire katakon nan ina 'yata za ta kwanta?"

"Nawa fa ina za su kwanta?"

Ya koma ya zauna. Da ƙyar ya ce ya yarda, gobe zai mayar. Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba, ta yi. Amatullahi ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta buɗe ido tana kiran uwarta.

Da safe ya kwance gadon. Kwancewar ta fi haɗawar ci masa rai. Ya ɗaure katakan, ya samu mai ɗaukar kaya ya kai shi Nakkasa. Da ya sauka sai ya rasa gabas. An baje unguwar tasu tas, ba lungu, ba matakala, ba shagon mai burodi da zai yi kwatance da shi, sai jar ƙasa da sawun tayoyi. Ya yi ta zagaye da katako a kafaɗa, rana na dukansa, har ƙafafunsa suka gaji. Daga ƙarshe ya zaɓi wani wuri da ka, ya jingina katakan da dutse.

"In ba nan ba ne, ki yi haƙuri," ya ce wa filin. "Ni ma ban gane ba."

La'asar ta yi kafin ya koma Utaibiyya. A hanya yana ta lissafin inda zai samo sabon katako, wanda ba na kowa ba. Ya tarar da Adama zaune a bakin mota, ƙananan na wasa a ƙasa. Ya leƙa kujerar gaba. Jakar kayan Amatullahi ba ta nan.

"Yaya Murja ta zo," Adama ta ce, idonta a ƙasa. "Ba ni na kira ta ba, Maigida. Yarinyar ce ta karɓi wayata. Ta ce ko ka haɗa wani gadon ba za ta iya runtsawa a motar nan ba. Ta jira ka, ta jira, direba ya matsa."

Mika'ilu ya tsaya riƙe da ƙofar. Adama ta share ido da bakin mayafi, ta shiga tana kakkaɓe shimfiɗa.

"Kada ka wahalar da kanka da katako," ta ce. "Yanzu wurin ya ishe mu."