Albasar da Ta Kai Damina

"Wannan ce za ka nuna ma Baba? Wannan?"

Iklima ta ɗaga 'yar albasar da yatsu biyu, kamar wadda ta kamo ɓera ta wutsiya, ta wurgar. Albasar ta gangara a ƙasan zauren, ta tsaya a gindin takalmin Waliyyu.

Ya sunkuya ya ɗauka, ya hure mata ƙasa, ya jefa aljihu.

"Haba hasken idona... ƙanƙanta ba aibi ba ce. Wagga albasa ta ƙoshi da rana."

"To ni ban ƙoshi ba!"

Waliyyu manomin albasa ne na Aliero, gonarsa na kan hanyar Sabiyal. Sauran samari da turare suke zuwa zance, shi kuwa da albasa yake zuwa Andarai, garinsu Iklima, kowane zuwa guda ɗaya, tun tana kamar ƙwayar gurjiya, wai don Iklima ta ga yadda aurensu ke girma a cikin ƙasa. Da can dariya abin ke ba ta. Yau ba dariya, domin mahaifinta Malam Usmanu ya ce zai je ya ga gonar da idonsa, kuma abin da ya gani shi zai yanke ko zai ba Waliyyu ita.

"Da Jega ka koma kamar yadda nac ce, da duk ba a zo nan ba," ta faɗa tana juyar da kai.

"Jega kuma? Mi ke akwai Jega?"

"Kasuwa! Kifi ɗanye da sassafe. Shago har ƙofar gida. Mace ta fito ta hau keke ta je asibiti. Raihanatu ɗiyar Kawu ta ce ko ƙanƙara kake so da azumi, ga ta bakin layi."

"Raihanatu ta gaya miki ruwan alwala ma sai mai kura ya turo an biya shi? Itace saye, gero saye, mai gidan haya na buga ƙofa kamar ɗan sanda. Ni gidan gado gare ni, Iklima. Rijiya tsakar gida, gero cikin rumbu, kara bayan ɗaki. Jega garin yini ce, Aliero garin tsufa."

"Garin da har zanen amarya warin albasa yake!"

"Ƙamshi dai, gimbiya."

Ta so ta yi murmushi, ta danne. Ta riga ta haƙura da Jega saboda shi, shi ma ya sani. Abin da ke cin ranta daban ne. Raihanatu, ɗiyar kawunta Alhaji Ummaru, babban dillalin albasa a kasuwar Jega, ta kwana biyu a gidansu, kuma ta raɗa mata magana a bakin murhu: masu wayo sukan sakar wa albasa ruwa da taki ana gab da cira, sai ta kumbura ta cika ido. "Babanki girma zai duba, 'yar'uwa. In yag ga waɗanga 'yan mitsi-mitsin, sunan aurenki gawa."

"Ka ƙara mata ruwa," Iklima ta ce.

Waliyyu ya ɗago a razane.

"Ruwa? Ganye ya riga ya kwanta! In ganye ya kwanta an gama da ruwa, ko yaron goye ya san haka a garinmu. Albasar da tash sha ruwan ƙarshe ba ta ajiyuwa, daga ciki take ruɓewa."

"Wa ya ce ka ajiye? Baba ya gani, ka cira, ka sayar."

"Iklima..."

"Ashe albasarka ta fi ni?"

"Wallahi ba haka ba ne, rabin raina..."

"To in ba za ka yi ba, kada ka sake tako zauren nan!"

Hawaye suka zubo mata, na gaskiya, domin tsoron rasa shi ne ke magana da bakinta. Waliyyu ya dube ta. Daga nan ya miƙe, ya sa takalmi, muryarsa can ƙasa.

"Shi ke nan. Zan tada injin ban ruwa."

*

Ranar da Malam Usmanu ya je gonar, Iklima ta maƙale masa sai da ya tafi da ita da ƙanwar mahaifiyarta. Gonar ta yi kyau har tana ban tsoro. Kawunan albasa sun tsage ƙasa sun leƙo, jajaye, manya, kamar taron masu sanƙo a zaune cikin rana. Zuciyar Iklima ta yi fari. Ta saci kallon Waliyyu, shi kuwa ƙasa yake kallo.

Tsohon ya zagaya, hannu a baya, ya dawo inuwar bedi ya zauna.

"Madalla. Ta yi girma."

"Na gode, Baba."

"Amma ni ba girma niz zo dubawa ba, ɗana."

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Kai kac ce Aliero ta fi Jega sauƙin zama, ko ba haka ba? To mutumin Jega kullum da abin da yake kamawa a kasuwa. Kai sau ɗaya kake kamawa a shekara. Abin da zai ciyar da ɗiyata shi ne albasar da za ta jira damina, lokacin da take daraja. Ka zuba wagga a rudu. Ranar da munka buɗe munka iske ta lafiya, ranar nan zan sa muku rana. Haka munka yanke da Alhaji Ummaru tun watan jiya, a gidansa."

A gidansa. Inda Raihanatu ke kai musu ruwa.

Iklima ta buɗe baki, Waliyyu ya girgiza mata kai a hankali. In ya ce ya ƙara ruwa, za a tambayi dalili, kuma manomin da mace ta juya a kan gonarsa ba mai ba shi ɗiya. In ita ta faɗa, ta tona kanta, ta nuna ta so a rufe wa ubanta ido.

"Na yarda, Baba," in ji shi.

*

Rudu rumbun kara ne da ake ɗagawa sama kaɗan daga ƙasa, a jibge albasa, a rufe da ciyawa, iska na ratsawa. Albasar kirki takan yi barci a ciki wata da watanni. Ta Waliyyu ba ta yi barci ba.

Ya shanya ta, ya juya ta, ya tsince masu laushi har farcensa suka yi baƙi. Tun kafin hadarin farko ya taso, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan karan, baƙi, mai yauƙi. Ƙudaje suka yi sansani. Masu wucewa suka riƙa toshe hanci suna kiran wurin maƙabartar ango.

Kullum Iklima na kiransa a waya.

"Masoyi, yaya take?"

"Tana nan."

"Ka yafe mini..."

"Ana kirana, sai an jima."

Da ruwan damina ya sauka Malam Usmanu ya je. Bai ko ƙarasa ba, daga nesa warin ya tarye shi. Ya dawo gida ya wanke ƙafa, ya kira ta.

"Kin ga sauƙin Aliero? Ɗan garin albasa bai san ranar yanke ruwa ba! Wanda bai iya riƙon albasa ba, mutum zai riƙa?"

Ta faɗi ta kama ƙafarsa.

"Baba ni ce! Ni na sa shi, wallahi ni ce!"

Ya janye ƙafarsa.

"To kin ƙara kashe shi. Da jahili ne, da sai in ce zai koya."

Daga ranar wayar Waliyyu ta daina shiga. Labari ya riƙa isowa guntu-guntu a bakin mata masu dawowa daga kasuwa. An ce bai iya tada noman bana ba. An ce Alhaji Ummaru ya tausaya masa, ya ɗauke shi yana ɗinke buhuna a rumfarsa ta Jega. An ce ya kama ɗakin haya. An ce akwai mai aika masa tuwo a kwano mai rufi da zanen fure.

Ranar da aka ce an kai goron auren Waliyyu da Raihanatu, Iklima ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba. Ta fita titi ta tare ɗan kabu-kabu.

"Jega! Ka yi sauri don Allah!"

An yi ruwa da safe. Gab da kasuwa, inda masu lodi ke zubar da albasar da ta lalace, tayar babur ta hau kan ruɓaɓɓun, ta zame kamar an ja tabarma. Iklima ta ji ƙarar ƙashinta kafin ta ji zafin.

Mutanen da suka taru baki ɗaya suka ce, "Karaya ce. A kai ta Aliero, can masu ɗori suke."

*

Haka Iklima ta shiga Aliero, ba a motar amarya ba, kwance a bayan a-kori-kura tana ihu.

Tsohon mai ɗori ya ja ƙafar, ya jera mata 'yan sanduna, ya ɗaure, ya ce ba motsi sai ƙashi ya kama. Aka ba ta ɗaki a gidansa ita da innarta. Tagar ɗakin na kallon wani gida mai gajeriyar katanga. Tana hango rijiya a tsakar gidan, da rumbun gero, da wani sabon ɗaki mai koriyar ƙofa da kwaɗo a jiki.

Gidan Waliyyu ne. Ita ta zaɓi koren fentin nan, wata rana a zaure, cikin wasa.

Kowace hantsi wata tsohuwa kan shigo da ƙwaryar fura, ta ajiye, ta ce, "Sannu ɗiyata, Allah shi ƙara sauƙi," ta fita. Iyatu ce, mahaifiyar Waliyyu. Ba ta taɓa ƙara kalma ɗaya ba. Da zagi ta yi, da Iklima ta fi samun barci.

Makwanni suka shuɗe. Innarta ba ta sayi ruwa ba ko sau ɗaya. Maƙwabta na turo kara da ɗanyar kuɓewa, wata ta kawo ƙwan zabi. Da yamma iska kan taso daga gonaki ta shigo ta taga, sanyi-sanyi, da ɗan yajin nan da ke sa ido ruwa. Wata rana Iklima ta kama kanta tana shaƙarsa da gangan.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama.

Raihanatu ce ta fara shigowa, lalle har gwiwar hannu, turare ya riga ta isowa. Waliyyu na bayanta, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Wayyo 'yar'uwa! Ashe haka abin yake? Ga shi biki ya wuce ba ki samu zuwa ba... har anko na ajiye miki!"

Iklima ta dafe bango ta ɗago.

"Kin san abin da Baba zai ce. Kina nan anka yanke."

"Ni?" Raihanatu ta dafa ƙirji tana murmushi. "Ni dai na ce ruwa na sa albasa girma. Ƙarya na yi? Ba ni na yi kuka a zaure ba. Bari in gaida Innarka, ango, kada ka daɗe, ka san masu ruwa na tashi da wuri."

Ta fita, awarwaronta na kaɗawa.

Waliyyu bai zauna ba.

"Ya ƙafa?"

"Da sauƙi... Ya Jega?"

Ya yi 'yar dariya marar daɗi.

"Kamar yadda kinka ce. Akwai kifi, akwai ƙanƙara. Ɗakinmu na bayan injin niƙa, ba a barcin rana. Ruwa saye, itace saye." Ya juya ya dubi taga. "Jiya anka aike ni cefane. Ni Waliyyu, na tsaya gaban mai tebur ina tayin albasa."

"Aliero ta fi, Waliyyu! Na gani da idona, wallahi ta fi! Ga rijiyarka, ga ɗakinmu, ko ba komai zan zauna... ka dawo, masoyi, don Allah ka dawo..."

"Gonar na hannun Alhaji yanzu. Ɗakin kuma Inna za ta zuba 'yan jami'a haya."

"Ka san ita ta shirya mana wannan? Ka sani?"

"Na sani."

"Ka sani, kuma ka aure ta?"

"Ita ta yi mini mugunta don ta same ni," ya faɗa a hankali. "Ke kina da ni a hannu, kinka ce ban isa ba sai an ƙara ruwa."

Kuka ya ƙwace mata. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro wani abu, ya ajiye a bakin tabarmarta.

'Yar albasar nan ce, wadda ta wurgar a zaure. Ɓawonta ya bushe ya yi ja kamar garwashi, ba laushi, ba tabo.

"Ita kaɗai ce ruwan bai taɓa ba," in ji shi. "Ki nuna ma Baba. Ta kai damina."

Daga waje Raihanatu ta ƙwala kira, "Ango!"

Ya juya ya fita, bai waiwayo ba.

Iklima ta ɗauki albasar da hannu biyu, ta matsa da dukkan ƙarfinta ko za ta ji wuri ɗaya da ya yi laushi. Babu. Ta kai ta hanci ta shinshina. A tsallaken katanga Iyatu na cire kwaɗon koriyar ƙofar, wasu 'yan mata biyu na tsaye a bayanta da katifa a ka.