Rijiyar da Gwadabe Ya Cike

Ana kiran sallar magariba a Ƙofar Kwaya, Gwadabe tela ya tsuguna yana alwala, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakinsa. Matarsa Sabuwa ta ce ai yaran unguwa ne. Na biyu ya sauka a gaban butarsa. Ya ɗauka, ya ji shi sharkaf da ruwa, duk gansakuka, alhali wata shida ke nan rabon Katsina da ruwan sama. Ya tura dutsen bayan randa ya ɓoye.

Gwadabe yana da fili a Kambarawa, gadon mahaifinsa. Wata bakwai ya yi yana zarya ofis neman takardar izinin gini: yau a kawo zanen gida, gobe a kawo hoto, jibi mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Har ya san inda masinjan ofis yake ajiye takalminsa. Da ma'aikacin duba fili ya zo, ya ga tsohuwar rijiya a kusurwar gabas, ya ce ba za a yarda a yi gini kusa da rami buɗe ba. A cike ta, zai dawo ranar Alhamis.

Mahaifiyarsa, Inna Laraba, ta tuna masa yadda ake yi. Ba a cike tsohuwar rijiya sai an tsaya a bakinta magariba uku a jere, an yi sallama, an ce wa na ciki su kwashe nasu su tashi. Gwadabe ya san da haka sarai, da idonsa ya ga mahaifinsa ya yi kafin ya sare tsamiya. Amma ranar Talata ce, kwanakin ba za su kai ba. Ya yi dariya ya ce wa tsohuwar na cikin rijiyar su ma su cike fom. Ranar Laraba da faɗuwar rana ya sa tifa ta juye ƙasa da duwatsu a ciki.

Jifan ya yi kwana huɗu, kullum tsakanin magariba da isha'i. A na biyar, 'yarsa Ummukulthum, mai shekara goma sha huɗu, tana tankaɗe a tsakar gida, sai ta ajiye rariyar a hankali, ta fara tona ƙasa da hannu. Ta yi ta tono har farcenta ya fashe. Ba kuka, ba magana. Maza uku suka kasa ɗaga ta. Sabuwa ta yi ta tambayar wa suka yi wa laifi, Gwadabe yana tsaye da amsar a bakinsa, ya haɗiye. Wannan shirun shi ne abin da ya fi jin kunyarsa har yau.

Sai da yarinyar ta kwana biyu ba ci ba sha sannan ya je Ƙofar Durbi ya ɗauko Malam Sammani, wani dattijo mai ruƙiyya. A hanya ya faɗa masa komai. Malam bai yi masa faɗa ba, kuma da ya yi, da ya fi sauƙi.

Malam ya zauna gefen yarinyar ya daɗe yana karatu. Can hannuwanta suka tsaya. Muryar da ta fito daga bakinta ta wata tsohuwa ce, a dishe, kamar daga ƙasan tulu.

"Wata bakwai yana roƙon masu biro," in ji muryar. "Mu kwana ukku kaɗai muke so. Mu shidda muke cikin rijiyar nan, Malam. Mu biyar muka fito."

Malam ya tambaye ta wa ya rage. Ta ce jikarta ce, barci take yi lokacin da ƙasa ta sauko. Ta ce ɗiya aka ɗauka, ɗiya za ta ɗauka. Malam ya ce wannan yarinya ba ta zuba ko tsakuwa ɗaya ba, kuma wanda aka zalunta ba ya samun izinin zalunci, ta ji tsoron Allah. Suka daɗe suna ja, yana karatu tana nishi. Daga ƙarshe ta ce to a buɗe mata rijiyar ta ɗauki gawar jikarta, kuma wanda ya cike shi zai tone, da hannunsa, ba lebura.

"Na yarda," Gwadabe ya ce. "Ki yafe mani."

"Ɗiyarka na sake maka," in ji ta. "Wancan ban ce ba."

Ummukulthum ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Kwana tara Gwadabe ya yi yana tono da shebur da bokiti, hannun da ya saba da allura duk ya ɗuri ruwa. A ƙasan bai ga komai ba sai danshi. Ya bar ta buɗe magariba uku, yana sallama, sannan ya mayar da ƙasar. Takardar izini ta fito da hatiminta. A zanen da ke jikinta, kusurwar gabas ɗakin Ummukulthum ce.

An gina gidan, sun tare, yarinyar ta warke sarai, ba ta tuna komai. Ɗakin gabas dai ba a ɗora masa ko bulo ɗaya ba. Duk magariba, kafin ya wuce masallaci, Gwadabe yakan tsaya a wurin ya yi sallama, ya ɗan jira. Shekara huɗu ke nan, ba a amsa ba.