Gadaje Uku, Dangi Uku

Kwalbar gwaji ce ta haɗa su. Ta miƙo ta ta tagar lab ɗin asibiti, ya duba takardar ya ce, "Sista, wannan rubutu ne ko sawun kaza?"

"Da hagu nake rubutu. Masu ido suna karantawa."

Daga ranar ya sa mata Bahaguwa, ita kuma take ce masa Mai Madubi, saboda madubinsa na duba ƙwayoyin cuta. Wata takwas, maganarsu ta kai gida.

Sai mahaifinsa ya kwanta a ɗakin da take aikin jinya. Aka yi allura, aka canza, aka sake canzawa, ƙwayar cutar ta ƙi jin magani. Gadaje biyu na gefensa ma haka. Shugabar ɗakin ta dakatar da ita, wai hannunta ne ke kai cutar daga gado zuwa gado.

Mahaifiyarsa ta ce, "Wadda ta kusa kashe min miji ba za ta shigo min gida ba."

Bahaguwa ta turo masa saƙo: "Ka yarda ba ni ba ce?"

"Zan binciki asalin ƙwayoyin. Abin da na gani shi zan rubuta."

"Ko da ni ce?"

"Ko da ke ce, Bahaguwata."

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba.

Sakamako ya fito. Da hannu ɗaya ne ya raba cutar, da ƙwayoyin sun zama 'yan gida ɗaya. Sai ga dangi uku, ba wadda ta haɗa kaka da wata. Kowane majinyaci da tasa ya zo.

Ya ajiye wa shugabar takardar, ya wuce gida. Ya sauko da gwangwanin madarar da ke kan firij, ya juye. Ragowar kafso kala-kala, na shekara da shekaru.

"Umma, yaushe rabon Baba da ya shanye magani har ƙarshe?"

"In ya ji sauƙi, me zai yi da sauran? Ajiyewa nake saboda gaba."

"To a nan muka horar da tasa ƙwayar cutar, har ta daina jin magani."

Ta daɗe tana kallon kafson. "Kira min yarinyar nan."

Da yamma saƙo ya shigo: "Na koma aiki. Da cewa kawai ka yi ka yarda da ni, da ba wanda ya saurare ka. Amma har yanzu ina fushi, Mai Madubi."

"Ki taho da fushin. Akwai wuri."

Ranar da amarya ta tare, surukarta ta damƙa mata gwangwanin, wankakke, ba komai ciki.

"Ki zuba sukari, 'yata. Allah ya yi muku albarka."