Ranar da Mohira Ta Goyi Surukarta a Samarkand

Mohira ta ajiye butar shayi a gaban surukarta, ta tsiyaya mata rabin kofi kamar yadda ake wa baƙon da ake so ya daɗe. Parveen ta leƙa kofin, ta dubi ɗanta Shoaib, ta ce da yarensu na Saraiki, "Ka ga rowa ko? Ko kofi ba ta iya cikawa."

"Ammi, a nan girmamawa ce."

"Girmamawa! Shekara uku ka bar ni a Multan saboda wannan yarinyar. Ni ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba, da kai na zo in koma. Ka sallame ta."

Karatun likita ne ya kawo Shoaib Samarkand ta ƙasar Uzbekistan daga garinsu Multan na Pakistan, ya gama, ya auri Mohira ba da son uwarsa ba. Tun daga nan Parveen ba ta taɓa amsa gaisuwar yarinyar a waya ba.

Ya sunkuyar da kai. "Ammi, komai kika ce zan yi, ban da wannan."

Mohira ta shige kicin, ta toshe baki tana kuka. Kaf ta ji abin da aka faɗa, don shekara biyu ke nan tana koyon yaren a wurin mijinta, tana jiran ranar da za ta gaishe da uwarsa da shi.

Washegari aka kira Shoaib tiyatar gaggawa. "Mu ɗaga zaga garin da za mu yi da Ammi kawai," ya ce wa Mohira.

"Je ka aikinka, likita. Ni zan zaga da ita."

A dandalin Registan Parveen ta taɓe baki, wai ƙubbobin Multan sun fi kyau. A kasuwa ta ce gurasarsu sai ka ce dutse. Mohira dai murmushi take, tana riƙe mata jaka da lema.

Da suka isa maƙabartar waliyyai ta Shahi Zinda, tsohuwar ta nace sai ta hau doguwar matakalar da ke kaiwa ciki, don marigayi mijinta ya rasu da burin ziyartar wurin. Ba su kai rabi ba gwiwa ta ƙi. Ta zube tana haki, hawaye na zuba.

"Wayyo Allah, zan mutu a ƙasar mutane, ba mai jin maganata."

Mohira ta durƙusa, ta juya mata baya, ta ce da Saraiki, "Ina jin ki, Ammi. Hau bayana."

Parveen ta yi sororo. "Tun yaushe kike ji?"

"Shekara biyu."

"Har maganar jiya?"

"Har ita."

"Kuma kika fito da ni?"

"Ke kika haifa min shi, Ammi. Hau mana, rana na yi."

Haka ta goya ta, taku ɗaya bayan ɗaya, zufa na tsatsafo mata, masu ziyara suna matsawa gefe suna sa mata albarka. A sama Parveen ta yi wa mijinta addu'a mai tsawo. Da ta shafa, ta zare awarwaron zinaren da ta gada wurin tata uwar, ta zura a hannun Mohira.

"Ki yafe min, 'yata. Na zalunce ki ban ma san ki ba."

Da la'asar Shoaib ya dawo, sai ya tarar da su suna dariya, Parveen na gyara wa Mohira lafazi.

"Tsayuwar me kake yi?" ta ce. "Shiga kicin ka ɗora mana abinci, 'yata ta gaji. Kuma ka ƙara min wata guda a tikitin nan."

Mohira ta kalli mijinta, idanunta cike da hawayen murna.

Abin da rarrashin shekara uku ya kasa, haƙuri da kyautatawa suka yi shi a wuni ɗaya. Duk wadda ta riƙi uwar mijinta tamkar tata, ko an ƙi ta da farko, Allah ba zai bar ta ta taɓe ba.