Hoton da Malam Sammani Ya Zo Gogewa

Ranar da Muhsina ta kawo mahaifiyarta, Uwa, daga Bunkure zuwa wani asibiti a Kano, Jamaluddeen ne ya miƙo musu kujera. Kallo ɗaya ya yi mata ya manta abin da ya fito ɗauka.

Shi ba likita ba ne. Idan an yanko 'yar tsokar majinyaci an shimfiɗa a gilashi, shi ke ɗaukar hotonta ta madubin likita, ya adana a kwamfutarsa, da babbar na'urar asibiti, da kuma intanet, inda wani likitan ƙasar waje ke dubawa.

Jinya ta yi tsawo, shaƙuwa ta yi ƙarfi. Kullum da saƙonsa: "Sanyin idona, yaya jikin Inna? Don Allah ki ci abinci, ko don ni."

Ɗanladi, dillalin tumatir da ya daɗe yana son ta, shi ya kai wa mahaifinta gulma. "Baba Sammani, yaron nan ya sa hoton matarka a intanet, Turawa na kallo."

Ciwon kuwa a nono yake. Malam Sammani ya tashi kamar zai ci babu.

"Baba, ba irin wannan hoton ba ne," in ji Muhsina cikin kuka.

"Rufe min baki! Muddin ina numfashi, ba ke ba shi."

Ana tsakiyar ɗibar tumatir Uwa ta rasu. Muhsina ta rasa uwa, ta rasa masoyi, ta rame ta zama abin tausayi.

Bayan sadakar arba'in, tsohon ya dira a ofishin Jamaluddeen. "Goge hoton nan a gabana."

"Baba, wuta ta ƙona kwamfutata, faifan na'urar asibiti ma ya lalace. Na intanet kaɗai ya rage. In na goge, ya tafi ke nan."

Ya buɗe masa a wata kwamfutar. Ba fuska, ba jiki, sai ɗigo-ɗigo ruwan hoda da shuɗi kamar zanen atamfa.

"Ina take?"

"Ita ce wannan, Baba. Iyakar abin da na tura ke nan."

Malam Sammani ya ƙura wa hoton ido. Shi da bakinsa ya hana Uwa ɗaukar hoto tun tana amarya, ga shi yau ko ɗaya babu a gidan. Ya shafa gilashin kwamfutar da yatsunsa masu kanta, hawaye na bin gemunsa.

"Kalar zanen da na sa mata a lefe," ya ce. "Kar ka goge, ɗana. Ka yafe ni."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Da amarya ta durƙusa yin sallama, Malam Sammani ya dafa kanta, ya dubi ango.

"Ka riƙe min ita yadda ka riƙe min uwarta. Allah Ya yi muku albarka."

Muhsina ta ce amin, kuka ya ci ƙarfinta.