Zubin Dogo na Gabi

Gab da magariba Illo ya baro farmasin Madarumfa da maganin hawan jinin tsohuwarsa, Inna Kande, a aljihu. Tun la'asar take kwance.

To, Illo mayen dara ne, Allah ya shirya. Tun da Dogo na Gabi ya cinye shi a gasar bara, zubin farkon wasan nan ya hana shi sakat. Ko tuwo yake ci, gurabu yake gani.

A bakin tabki ya tarar da gurabun dara a rairayi, masunta sun tashi ba su shafe ba. Kowa ya san ba a buga dara mutum ɗaya da magariba, don wani zai zo ya karɓi ɗaya gefen. Illo ma ya sani.

"Zubin kawai zan maimaita," in ji shi.

Ya tsuguna. Kara nasa, tsakuwa ta Dogo. Ya jera su yadda aka yi bara, yana neman inda ya kuskure.

Kwaɗi suka yi tsit.

Ƙarnin ɗanyen kifi ya taso. Tsakuwa ɗaya ta gusa da kanta, jiƙe sharkaf.

"Mi ka sa?" Raɗa ce, daga gefen da ba kowa.

"Ba ni da komi."

"Na aljihunka ya isa."

Nan ya kamata ya ruga. Wallahi bai ruga ba. Ya hango inda zai toshe zubin Dogo, hannunsa ya kai kara.

Ya ci ɗaya.

Aka ci masa uku.

Wani sanyi ya ratsa aljihunsa.

Sai ladan ya ɗaga murya daga cikin gari. Illo ya yi a'uziyya, ya shafe gurabun da ƙafa, ya zura a guje, takalmi ɗaya a baya.

A gida, Inna Kande ta ɗago kai da ƙyar. "Ɗan albarka, ka samo?"

Ya buɗe kwalin maganin. Tsakuwa ce jiƙaƙƙiya, tana ƙarnin kifi. Ya koma farmasi a guje, ya tarar an rufe. Kafin asuba ta cika.

Yanzu duk inda Illo ya ga gurabun dara ba kowa, shafewa yake yi. Ya faɗa mini abin da ke cin ransa: a sahun jana'izarta, liman na kabbara, shi kuwa zubin nan yake gyarawa a zuci.