Kirfa a Ƙarƙashin Harshe

Marlee, ma'aikaciyar jinya, ta yage ledar maganin a gaban Darcy Kinnane, sai ƙanshin kirfa ya cika ɗakin. Ta yage ta biyu, ta yage ta uku. Duk alewar gyara numfashi ce, siririyar nan mai narkewa a baki, an yanka ta daidai girman maganin, an manne bakin ledar tsaf. Nan take ta kira 'yan sanda.

Sajan Noelene Pascoe ta tarar da shi yana zufa, ƙafafunsa na rawa. Tsohon soja ne, irin waɗanda suka cika mana garin nan namu na Townsville. Ya dawo daga Afghanistan da rauni a kai, aka ɗora shi kan ƙwayoyin kashe zafi, ƙwayoyin suka zame masa jaraba. Yanzu yana kan maganin rabuwa da su. Kowace safiya yakan buɗe manhajar asibiti a wayarsa, ya ɗauki bidiyon kansa yana sa maganin a ƙarƙashin harshe. Da wannan shaidar kotu ta bari 'yarsa Tilly ta riƙa wuni a wurinsa ranar Asabar. Ga shi gwajin fitsari ya nuna babu ɗigon magani a jikinsa.

Marlee ta ja Pascoe gefe. "Sayarwa yake yi, yana cika mana ido da alewa a bidiyo. Dole in sanar da kotu."

"Ki ba ni zuwa gobe."

Pascoe ta koma kansa. "Kullum kana tsotsar kirfa, kuma ba ka ji ba?"

Darcy ya sunkuyar da kai. "Ban lura ba, Sajan."

Ta sha jin ƙarya a aikinta, amma wannan ko yaro ba zai yi ta ba, abin har ya ba ta haushi.

Ta fara da mai kantin magani. Ya nuna mata sauran kwalin da aka ɗebar wa Darcy, ta buɗe leda biyu da hannunta, magani ne na gaske. Ashe a gida aka yi musanyar.

Gidan na yayansa ne, Col, masunci mai baki kamar reza. Ta same shi a baranda yana gyaran ƙugiya.

"Kana da mabuɗin akwatin maganin?"

"Yana rataye bayan firji, ko kyanwar gidan nan ta san wurin. To sai me? Ni zan yi wa ƙanena sata?"

"Wanda ya yi dai ya sa masa kirfa."

Col ya kwashe da dariya. "Kirfa? To ɓarawon nan jaki ne. Darcy fa? Mutumin da kullum yake kushe mini miya, yau gishiri ya yi yawa, gobe ya yi kaɗan? Da lasa ɗaya zai gane."

Darcy ya fito da shayi kofi biyu. Pascoe ta kurɓa, ta kusa tofarwa, madarar ta yi tsami sosai. Ta dubi Darcy. Yana ta sha abinsa, har ya shanye. Ta jira Col ya sauka wajen motarsa.

"Tun yaushe ba ka jin ɗanɗano?"

Darcy ya ajiye kofin. 

"Tun ranar da nakiya ta tashi da motarmu. Ƙanshi ma ba na ji. Kushen miyar nan duk wasa ne, don kada Yaya ya gane. Na gaji da a riƙa kallona kamar motar da aka kwashe wa kaya."

"Wa ka taɓa gaya wa?"

"Ba kowa." Sai kuma ya gyara. "Sai Warwick."

Manhajar takan haɗa kowane majinyaci da abokin tafiya, tsohon sojan da ya riga shi warkewa. Na Darcy shi ne Warwick Stace. Suna da zauren hirarsu su biyu, wanda ko likita ba ya gani. Warwick yana da mabuɗin gida, don in safiya ta wuce Darcy bai aiko bidiyo ba ya zo ya duba shi. Darcy ya nuna mata saƙon da ya rubuta a watan da ya wuce, da amsar Warwick a ƙasa: "Sirrinka yana hannuna, mutumina."

"Ba shi ba ne," in ji Darcy. "Sajan, mutumin nan ya taɓa ɗauko ni daga ƙasan banɗaki."

Ta sami Warwick a kulob ɗin tsofaffin sojoji yana gasa tsiran alade. Dogo ne, fes da shi, kowa na gaishe shi.

"Na ji abin da ya faru," ya ce. "Wallahi na yi baƙin ciki. Yaron yana ƙoƙari."

"Kana ganin sayarwa yake yi?"

"Jaraba ba ta da kunya, Sajan."

"Abin da ya ɗaure mini kai, yaya mutum zai sha kirfa bai ji ba? Ko ka san wani abu game da bakinsa?"

Ya juya naman. "A'a. Ban san komai ba."

Ta ɗora wayar Darcy a gefen murhun, saƙon a buɗe. Warwick ya karanta amsarsa da idonsa.

"Na riƙe masa sirri ne kawai."

"Sirrin da zai wanke shi? Gobe za a raba shi da 'yarsa. Kai kaɗai ke riƙe da maganar da za ta cece shi, na tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Col yana da mabuɗi, amma ya ɗauka ƙanensa zai gane da lasa ɗaya, don haka ba zai fara ba. Babu mai sa kirfa sai wanda ya tabbata ba za a ji ba. Mu je motarka, ko za ka faɗa mini abin da zan tarar?"

Naman ya fara ƙonewa, bai juya shi ba.

"Reza da gam, suna ƙarƙashin kujera." Ya ajiye cokalin gashin. "Ban sayar ba. Ni nake sha. Na koma ruwa tun damina. In na je asibiti za su cire ni daga manhajar, kuma mutum nawa ke kallona a matsayin wanda ya tsira? Na ce zan ɗan ara, in miƙe, in daina. Ina ganinsa yana rawar jiki, ina rubuta masa ya yi haƙuri."

Pascoe ta ji tausayinsa, ta kuma ji kamar ta mare shi. Ta sa masa ankwa.

Da la'asar Marlee ta ba Darcy magani na gaske, ta nemi gafararsa ba tare da ta iya kallon idonsa ba. Asabar ɗinsa da Tilly tana nan.

Ya tare Pascoe a bakin ƙofa. "Za a ba Warwick magani a can inda aka tsare shi?"

"Zan tabbatar."

"Maganar bakina kuma, dole ta shiga rahoto?"

"Ita ta wanke ka. Kotu za ta gani, uwar Tilly ma."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To gara Tilly ta ji daga bakina. Duk Asabar sai ta toyo mini biskit, ta tsaya tana kallona har in cinye. Kullum ina ce mata ya fi na makon jiya daɗi."